Gyara da Cire Bayani a Kundin da Ba Ya Sauyawa: Nazari a Salon Sarrafau, da Misali Daga Rijistar Manoma a Sule Tankarkar

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake gyara bayani ko cire shi daga kundin da ƙa'idarsa ita ce ba a taɓa shi bayan an gina shi, kamar yadda ake yi a harsunan kwamfuta irin su Haskell da Clojure da Scala. An gwada lamarin a kan wata ƙagaggiyar rijistar manoma mai kati 30,000. Nazarin ya nuna cewa gyara ba shi da tsada in an zaɓi gini mai kyau, amma kalmar cirewa tana ɗauke da ayyuka uku daban: fitarwa daga sigar yanzu, da sokewa, da shafewa baki ɗaya. Kafaffen kundi ya iya biyun farko, na ukun kuwa sai an yi masa tanadi tun daga zanen manhaja.

1.0 Gabatarwa

Almajiri idan ya haddace abin da ke allonsa sai ya wanke, ya rubuta wani a wurin. Allon ɗaya ne, rubutun ne ke sauyawa, kuma wanda aka wanke ba ya dawowa. Ɗan kasuwa mai ba da bashi ba haka yake yi da littafinsa ba. In aka biya shi, sai ya ja layi a kan tsohon lissafi ya rubuta sabo a ƙasa, domin ranar da gardama ta tashi, tsohon rubutun shi ne shaidarsa.

Hanyoyin nan biyu su ne suka raba masu rubuta manhaja gida biyu. A salon umarni, wanda aka fi sabawa da shi a harsuna irin su C da Java, ma'adanar kwamfuta allo ce: ana goge tsohuwar ƙima a rubuta sabuwa a gurbinta. A salon sarrafau kuwa, duk abin da aka gina ya ginu. Mai son canji sai dai ya samar da sabuwar siga, tsohuwar tana nan yadda take.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambayoyi biyu. Ta farko: idan ba a goge komai, nawa ne kuɗin gyara bayani ɗaya a cikin dubbai? Ta biyu, wadda ta fi nauyi: me ake nufi da an cire bayani daga kundin da ba ya mantuwa?

An yi amfani da waɗansu ƙirƙirarrun kalmomi. Sarrafau, wanda aka ƙera bisa awon aikatau da bayanau na nahawun Hausa, shi ne guntun shiri mai karɓar ƙima ya mayar da ƙima, ba tare da ya taɓa wani abu a gefe ba. Kati shi ne bayanin mutum ɗaya ko abu ɗaya mai gurabe, kamar katin asibiti. Kundi tarin katuna ne, kafaffen kundi kuma shi ne wanda ba ya sauyawa. Gaɓa ita ce mahaɗa ɗaya a cikin ginin kundi, kamar gaɓar rake, manuni kuma shi ne adireshin da wata gaɓa ke riƙe da shi don isa ga wata.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Asalin salon sarrafau yana komawa ga lissafin lamda na Alonzo Church a shekarun 1930, da harshen Lisp da John McCarthy ya ƙirƙira a 1958 a jami'ar MIT ta Amurka. Tare da Lisp aka samu mai shara, wato ɓangaren da ke kwashe duk gaɓar da babu sauran manuni da ke kallonta. Za a ga muhimmancinsa a gaba. John Backus, a laccarsa ta karɓar lambar Turing ta 1977 wadda aka buga a 1978, ya soki dogaro da gogewa da sake rubutawa, yana ganin shi ne ke hana a yi wa manhaja hujja irin ta lissafi. Sai dai suka ba ta biyan kuɗin ma'adana, kuma masu salon umarni sun daɗe suna cewa kwafe kundi duk lokacin da za a taɓa shi almubazzaranci ne.

Driscoll da Sarnak da Sleator da Tarjan (1989) sun nuna hanyoyin riƙe tsofaffin sigogi da ɗan ƙarin wuri kaɗan, suka kuma bambanta kundin da ake iya karanta tsohuwar sigarsa kawai da wanda ake iya reshe daga kowace siga. Chris Okasaki, a kundin digirinsa na uku a Carnegie Mellon (1996) da littafinsa Purely Functional Data Structures (1998), ya tattara gine-ginen da suka dace da salon sarrafau tare da hanyar auna tsadarsu. Phil Bagwell (2001) a Lausanne ya kawo bishiya mai faɗin rassa 32, wadda Rich Hickey ya mayar kafaffiya a harshen Clojure da ya fitar a 2007. Daga nan ne dabarar ta fita daga ɗakin bincike ta shiga kasuwa.

Abin lura a wannan tarihi shi ne yadda cirewa ke zuwa a makare. Okasaki (1999) ya rubuta shigar da kati cikin bishiya mai gaɓoɓi ja da baƙi a 'yan layuka kaɗan masu ban sha'awa, amma bai kawo cirewa ba. Stefan Kahrs ya kawo ta a 2001, kuma har 2014 Germane da Might suna neman hanyar da ɗalibi zai iya fahimta. Haka ma bishiyar Bagwell: sai a 2015 Steindorfer da Vinju suka gyara yadda take tsukewa bayan cirewa. Duk waɗannan ayyuka sun ɗauki cirewa a matsayin matsalar gini. Wanda ya kalle ta ta fuskar adana tarihi shi ne Pat Helland (2015), da ya kwatanta lamarin da aikin akanta, wanda ba ya goge kuskure sai dai ya shigar da gyara. Wannan maƙala tana son haɗa fuskokin biyu wuri ɗaya.

3.0 Hanyar Nazari

An ƙaga rijistar wata ƙungiyar manoman gero da riɗi da zoborodo mai ofis a Sule Tankarkar, wadda membobinta suka bazu a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙungiyar da alƙaluman duka na misali ne. An ba ta kati 30,000, kowanne da lamba, da suna, da ƙauye, da lambar waya, da girman gona, da yawan buhun taki da aka karɓa bashi. An zaɓi yankin ne saboda jama'arsa masu motsi ne. Ana tafiya cirani bayan kaka, ana kuma shiga da fita ta iyakar Nijar, musamman ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci. Rijista a irin wannan wuri kullum cikin gyara take.

Ma'aunin tsada shi ne yawan manunan da aka kwafa a kowane aiki, an ɗauki kowane manuni a matsayin bayit 8. Ba a auna lokaci da agogo ba, domin wannan ya danganta da na'ura. An kwatanta gini uku: jeri mai sarƙa, da jeri shimfiɗaɗɗe da ake kwafewa duka, da bishiya mai faɗin rassa 32.

4.0 Nazari

4.1 Gyaran kati ɗaya

A ce manomi mai lamba 21,417 ya dawo da buhu biyu cikin biyar da ake binsa. Gyaran hawa biyu ne. Da farko ana gina sabon kati mai buhu uku. Harsunan sun tanadi gajeriyar hanya: Scala tana da copy, Clojure tana da assoc da update, Haskell kuma tana barin a rubuta sunan tsohon katin a bi shi da gurbin da za a sauya. Sabon katin ba ya kwafe suna ko ƙauye, manuninsu kawai yake ɗauka, tunda an tabbata ba wanda zai taɓa su.

Hawa na biyu shi ne sanya sabon katin a kundi. Hanya mafi sauƙin rubutawa ita ce a bi katunan ɗaya bayan ɗaya da sarrafau map, a bar kowa yadda yake sai mai lambar da ake nema. Wannan daidai ne a ma'ana, amma yana gina sabon jeri mai manuni 30,000, wato bayit 240,000 saboda buhu biyu. In aka yi gyara 1,000 a ranar rabon taki kuma ana riƙe kowace siga, an ci megabayit 240. Ƙaramar wayar da wakilin ƙungiya ke yawo da ita ba za ta ji daɗin wannan ba.

A bishiya mai rassa 32 lissafin daban ne. Hawa ɗaya na ɗaukar kati 32, hawa biyu 1,024, hawa uku 32,768. Ke nan rijistar duka ta shiga hawa uku. Lambar katin ita ce taswirar hanya. A raba 21,417 da 1,024, a samu 20, saura 937. A raba 937 da 32, a samu 29, saura 9. Katin yana reshe na 20 daga tushe, reshe na 29 a gaɓar tsakiya, gurbi na 9 a gaɓar ƙarshe, in ana fara ƙirga daga sifili. Gaɓoɓin nan uku kaɗai ake kwafewa. Sabuwar gaɓar ƙarshe tana nuna sabon kati da tsofaffin maƙwabtansa 31. Sabuwar gaɓar tsakiya tana nuna ta da tsofaffin 'yan'uwanta 31. Sabon tushe yana nuna sabuwar ta tsakiya da sauran rassan da ba a taɓa ba. Jimla ba ta wuce manuni 96 ba, bayit 768. Gyara 1,000 bai kai megabayit ɗaya ba. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, a nan ma gyaran bai buƙaci a sauke kayan duka ba.

Yanzu akwai tushe biyu, kuma kowanne cikakken kundi ne. Wanda ya riƙe tsohon tushe zai ga buhu biyar, wanda ya riƙe sabo zai ga uku, alhali sun yi tarayya a kusan dukkan gaɓoɓi. Amfanin wannan a fili yake. Sakatare na iya fitar da rahoton wata daga sigar safiya yayin da wakilai ke ta shigar da biya, ba tare da lissafinsa ya motsa a hannunsa ba. Kuma ko rijistar ta kai kati miliyan ɗaya, hawa huɗu ya ishe ta, domin 32 sau huɗu a kan kanta 1,048,576 ne. Ta wannan fuska, tsohuwar sukar almubazzaranci ba ta da sauran ƙarfi.

4.2 Fitarwa daga sigar yanzu

Cirewa ta farko ita ce samar da siga da babu katin a ciki. A jeri mai sarƙa, inda kowace gaɓa ke nuna ta gaba, dole a kwafe duk gaɓoɓin da suka gabaci katin, a yi tarayya a waɗanda ke bayansa. Cire na farko kyauta ne, cire na 21,417 kuwa kwafe gaɓa fiye da dubu ashirin da ɗaya ne. Sarrafau filter, wanda ke aiki kamar rariya, yana tankaɗe jerin duka komai inda katin yake.

Akwai tarko a jerin da ake kiran kati da matsayinsa. In aka zare na tsakiya, duk na bayansa sai sun matso, lambar kowa ta canja. Shi ya sa jerin Clojure bai tanadi cirewa daga tsakiya ba sam, sai daga ƙarshe. Ga rijistar mutane wannan hani alheri ne, domin lambar da aka rubuta wa manomi a rasit ba ta kamata ta koma ta maƙwabcinsa ba. Abin da ya dace shi ne kundi mai mabuɗi, inda lamba ke manne da mai ita, a yi amfani da dissoc a Clojure ko delete a Haskell.

A bishiyar Bagwell kowace gaɓa tana riƙe da alamomi 32 masu nuna gurbin da ke da kaya, tana ajiye masu kayan kawai. Cirewa ita ce kashe alama ɗaya, a kwafe gaɓar da ragin manuni ɗaya, a kwafe hanya zuwa tushe. Tsadar daidai take da ta gyara. Wahalar tana zuwa idan gaɓa ta rage da kati ɗaya tak. In aka bar ta haka, kundi biyu masu katuna iri ɗaya za su iya zama da gini daban, gwargwadon tarihin shigarwa da cirewarsu, sai kwatanta su ya yi nauyi. Gyaran Steindorfer da Vinju shi ne a ɗaga katin da ya rage zuwa gaɓar sama nan take, ta yadda kaya iri ɗaya kullum ke ba da gini iri ɗaya. Scala ta ɗauki wannan tsari a sigarta ta 2.13 a 2019.

Duk da haka katin bai tafi ko'ina ba. Yana nan a tsohuwar siga, kuma mai shara ba zai taɓa shi ba muddin akwai manuni ɗaya da ke kallon tsohon tushe. Wani lokaci mai riƙon ba a bayyane yake ba. A Clojure, yanki da aka ciro da subvec yana riƙe da uwar jerin duka a ɓoye, ko da kati goma kawai ake gani a cikinsa.

4.3 Sokewa

A ce wakilai biyu sun fita da siga ɗaya a wayoyinsu, suka shiga inda sabis ya ɗauke. Na Gagarawa ya ji cewa manomi 21,417 ya koma Nijar da zama, ya cire shi. Na Maigatari ya gamu da shi a kasuwa, ya gyara lambar wayarsa. Da yamma aka zo haɗa sigogin biyu. Ɗaya tana da katin, ɗaya ba ta da shi. Daga waɗannan biyun kaɗai ba za a iya sanin ko cire shi aka yi a can, ko kuwa sabon shiga ne a nan ba. Manhajar da ke haɗe duk abin da ta gani za ta dawo da wanda aka cire, mai bin sigar ƙarshe kuma za ta zubar da aikin wakili ɗaya ba tare da ta faɗa ba.

Mafita biyu ce. Ta farko ita ce a nemo sigar da suka rabu daga gare ta, a kwatanta kowacce da ita. Kafaffen kundi ya sauƙaƙa wannan, tunda tsohuwar sigar tana nan, kuma duk reshen da sigogi biyu ke nunawa da manuni ɗaya ba sai an leƙa cikinsa ba. Haka manhajar Git, da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ke haɗa aikin mutane biyu. Ta biyu ita ce kada a fitar da katin, a maye shi da alamar sokewa mai ɗauke da rana da dalili da wanda ya soke. Wannan shi ne jan layin ɗan kasuwa, kuma shi ne abin da Shapiro da abokan aikinsa (2011) suka yi amfani da shi a waɗansu gine-ginensu masu haɗa kansu.

Ko wacce aka bi, abin da na'ura za ta iya shi ne ta gano cewa an yi saɓani. Hukuncin ko mutumin ya tashi ko yana nan na shugabannin ƙungiya ne, kuma manhajar da ta yanke shi da kanta ta wuce gona da iri. Illar sokewa ita ce alamomin suna taruwa, kuma ba a iya kwashe su sai an tabbata kowace waya ta gan su. Wayar da ta kwana wata uku a aljihun ɗan cirani tana iya hana sharar kundin duka.

4.4 Shafewa

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba mutum damar neman a shafe bayanansa a waɗansu halaye, kamar yadda sashe na 17 na dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ya tanada. A nan kyawun kafaffen kundi ya zama aibinsa. Idan manomi ya biya bashinsa ya fita daga ƙungiya ya ce a shafe shi, dissoc ba ta biya masa buƙata ba, alamar sokewa ma haka. Sunansa da lambar wayarsa suna cikin kowace siga da aka adana tun ranar da ya shiga. Masu amfani da Git sun san wannan ciwo: fayil da aka cire yana nan a tarihi, fitar da shi kuma sai an sake rubuta duk abin da ya biyo bayansa. Rumbun bayanai na Datomic, wanda aka gina kacokan a kan rashin gogewa, sai da ya tanadi wani aiki na musamman mai yanke bayani daga tarihi. Wannan amincewa ce cewa ƙa'idar tana da iyaka.

Sake gina tarihi duka yana rusa tarayyar gaɓoɓi, yana kuma zubar da amanar da ta sa aka zaɓi kafaffen kundi tun farko. Hanyar da ta fi ita ce a raba kati gida biyu tun ranar rijista. Abin da ya shafi lissafin ƙungiya, wato lamba da buhu da biya, ya zauna a kafaffen kundi. Abin da ke nuna ko wane ne mutumin a kulle shi da mabuɗin sirri nasa shi kaɗai, a ajiye mabuɗan a wani ɗan ƙaramin rumbu na salon allo, wanda ake iya gogewa. Ranar da aka nemi shafewa sai a lalata mabuɗi ɗaya. Kowace siga tana nan ba a taɓa ta ba, jimlar buhunan bara ta fita daidai, amma gurbin suna a kati 21,417 ya zama tarkacen da ba mai iya karantawa. Sharaɗin shi ne kada kwafin mabuɗin ya saura a wata ajiya ko wata waya, wanda ke nufin rumbun mabuɗan ba zai bi wakilai yawo yadda kundin ke bin su ba.

Tambayar da ta rage ita ce wane gurbi ne ke nuna mutum. Suna da lambar waya ba gardama. Amma a ƙauyen da ƙungiya ke da memba goma sha biyu, kati mai cewa gona kadada bakwai, buhu biyar, an biya biyu bayan kaka, ba ya buƙatar suna kafin mai unguwa ya gane mai shi. Saboda haka a rijista irin ta Sule Tankarkar, ƙauye da girman gona su ma cikin ɓangaren da ake kullewa ya kamata su shiga, a bar sunan ƙaramar hukuma kawai a fili don rahoton shekara.